Harafi Biyar da Na Ɓoye wa Baba Yakubu

Ku 'ya'yana kun taso kuna jin cewa babanku ne ya gyara kwamfuta a Trans-Amadi, unguwar kamfanonin Fatakwal, ranar da Bature ya rasa yadda zai yi. Kawunku Ɗanlami ya ba da labarin a wurin ɗaurin auren Bilkisu, ya ƙara masa gishiri, mutane suna ta jinjina mini. Ban taɓa ƙaryata kowa ba. Yanzu ido ya yi rauni, likita kuma ya fara yi mini magana a hankali, shi ya sa nake so ku ji yadda abin ya faru daga bakina, kada ku ba jikokina labarin da ba shi ne ba.

A Fatakwal aka haife ni. Kakanku Alhaji Garba dillalin shanu ne, yana karɓo su daga hannun fatake ya raba wa mahauta. Da rikici ya ɓarke muka gudu Kano da kayan jikinmu, muka zauna a ɗakin aro har yaƙin basasa ya ƙare. Alhaji bai iya zaman Kano ba. Ya ce can ya san hanyar abincinsa, can zai koma. Muka dawo muka tarar da wasu mutane a gidanmu na unguwar Diobu, sun sake fenti, sun dasa ayaba a inda Inna take shanya. Kwana huɗu muka yi a barandar masallaci, ruwan sama yana feso mu ta gefe. A rana ta biyar wani dogon mutum mai laima ya ji Inna tana yi wa ƙannena faɗa da Hausa, ya tsaya ya yi sallama, ya gaisa da Alhaji gaisuwa irin ta manya, sannan ya tambayi inda muke kwana.

Shi ne Baba Yakubu. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ya shigo Fatakwal tare da sojoji yana buga musu tafireta, da aka sallame shi ya samu aiki ya zauna. Ya ba mu ɗaki biyu a gidan da yake haya a unguwar Mile 2. Matarsa, Mama Saratu, ta daina sayen nama a ko'ina sai wanda ya fito daga kwatar su Alhaji, don kawai mu iya cin abincinta da kwanciyar hankali. 'Yarsu Rifkatu, wadda kuke kira Gwaggo Rifkatu, a bayan Inna ta yi rabin ƙuruciyarta. Da na gama makarantar koyon aikin ofis, Baba Yakubu ne ya riƙe hannuna ya kai ni kamfanin da yake aiki, ya ce wa manaja wannan ɗansa ne.

Kamfanin yana kai ma'aikata da bututu da abinci zuwa rijiyoyin mai na cikin teku. Lokacin kuɗin mai yana ta kwarara, kullum sabon gini, kullum sababbin motoci. Aikinmu mu biyu shi ne jerin sunaye: wane ne yake kan wace rijiya, yaushe ya shiga, yaushe kwanakinsa za su cika, wane jirgin ruwa zai ɗauko shi. Baba Yakubu yana buga tafireta ba ya kallon yatsunsa, kuma a takardarsa ba ka ganin gyara. Daga wurinsa na koyi komai.

Sai aka kawo kwamfuta. Ba irin taku ba ce. Wani ƙaton akwati ne kamar firji a ɗaki mai sanyi, a ofishinmu kuma aka ajiye gilashi kamar talabijin da madannai a gabansa. Babu hoto, babu abin da za ka nuna da yatsa. Baƙin gilashi ne da koren rubutu, ka buga umarni ta amsa maka. Aka kwashe duk jerin sunayen aka zuba a ciki, aka ɗauke takardun aka kai sito. Wani injiniya Ba'indiye yakan zo daga Legas sau ɗaya a wata ya duba ta. Baba Yakubu yana tsoronta. Kafin ya zauna a gabanta sai ya goge hannunsa da hankici, ya danna harafi ɗaya ya ɗago ya duba, mutumin da tafireta take kuka a hannunsa.

Wata rana ya tafi jana'izar wani ɗan cocinsu, ni kaɗai ne a ofis da Ba'indiyen. Na yi kuskure na buɗe wani fayil wanda ba na karatu ba ne, na na'urar ne ita kanta. Nan take gilashin ya haukace. Rubutu ya yi ta gudu, ta yi ƙara sau uku, da ta tsaya babu harafi ɗaya da na gane. Sai layuka da kusurwoyi da wasu alamomi kamar sawun kaji a laka. Na danna madanni, abin da ya fito ba shi na danna ba. Na janye hannuna. Ba'indiyen ya leƙo ya yi dariya, ya ce da ni cikin Turanci babu abin da ya ɓace, komai yana nan a cikin akwatin, gilashin ne kawai ya rikice ya manta yadda ake zana haruffa. Ya ce in buga kalma ɗaya, reset, ko da ba na ganin abin da nake bugawa, na'urar tana ji. Na buga, na danna babban madanni. Gilashin ya yi duhu na ɗan lokaci, ya dawo tas, rubutu ya miƙe. Da Baba Yakubu ya dawo ban gaya masa ba. A ranar ba mugunta ba ce, kunya ce, ban so ya san na yi kuskure.

A wannan shekarar ne muka rasa yayanku na fari, Garba ƙarami, wanda ba ku sani ba. Ɗakin da muke ciki ni da mahaifiyarku a bayan gidan yake, kusa da kwalbati. Da damina ruwa yana tsattsafowa ta ƙasa, bango kullum a jiƙe. Tari ya kama yaron yana wata bakwai, ƙirjinsa yana kuka kamar ana jan zarto, kafin sati biyu muka binne shi. Mahaifiyarku Hadiza ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da ta sake samun ciki sai ta daina barci sosai, tana ta goge bango da tsumma.

"Malam," ta ce da ni wata safiya, "wannan ma a nan za mu haife shi?"

Na ɗauki hulata na tafi ofis.

A cikin watan ne manaja ya kira mu biyu. Bature ne ja, mai saurin fushi. Ya ce kamfani zai naɗa mutum ɗaya a matsayin mai kula da kwamfuta, za a tura shi kwas Legas, za a ba shi gida a kwatas ɗin kamfani. Na san gidajen. A kan tudu suke, da siminti har ƙofa, da tagogin gilashi, ruwa ba ya kwana a wurin. Manaja ya ce bisa ƙa'ida babba ne zai samu, wato Baba Yakubu. A hanyar gida Baba Yakubu ya dafa kafaɗata.

"Sule, ni da na tsufa me zan je yi a makaranta? Amma sun ce ƙa'ida ce. Ka yi haƙuri, in na shiga kwatas ɗakina na gaba naka ne, ya fi na baya bushewa."

Na ce na gode, Baba. Amma na kwana ina lissafin tagogin gidan kwatas.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, da hantsi. Jirgi zai tashi da la'asar ya sauya ma'aikatan rijiyoyi uku, ana jiran mu fitar da sunaye. Ina kan tafireta ina buga wasiƙa, Baba Yakubu yana gaban gilashin. Sai na ji ƙarar nan sau uku. Ban ma juya ba na san abin da ya faru. Da na juya na ga sawun kajin nan ya cika gilashin, shi kuma ya ɗaga hannuwansa biyu sama kamar wanda ya taɓa wuta.

"Sule, zo ka gani. Me na yi? Yesu, me na yi?"

Na tashi na tsaya a bayansa. Madannan suna gabana, tsakanina da su bai kai kamu ɗaya ba. Kafin in yi motsi fomanin jirgi ya shigo karɓar takarda, ya ga gilashin, ya fita da gudu yana kiran oga, yana cewa injin ya lalace. Baba Yakubu ya juyo ya kalle ni.

"Ɗana, kai da kake zama da Ba'indiyen nan, ka san wani abu?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Abin da na faɗa ke nan. Na daɗe ina neman wata hanyar da zan rubuta shi, babu.

Manaja ya shigo fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Shi ma bai san komai a kan na'urar ba, ya daddanna madannai, alamomin suka ƙaru. Aka nemi Legas a waya, layi ya ƙi shiga. Ya yi zaton duk sunayen sun goge, ga mutane sama da ɗari a teku, wasu sun yi sati huɗu ba su ga iyalinsu ba. Ya juya kan Baba Yakubu a gaban masinja da direbobi da 'yan mata masu shara. Ba zan maimaita kalmomin ba. Mafi sauƙi a ciki ita ce tsoho mara amfani. Baba Yakubu yana tsaye ya haɗa ƙafafunsa kamar soja, yana ta cewa a yi haƙuri, oga. Ni kuma ina gefe ina gaya wa zuciyata cewa ɗan lokaci kaɗan ne, manaja ya gani da idonsa cewa aikin ya fi ƙarfin tsohon, a mayar da shi kan tafiretarsa inda ya fi jin daɗi, ni a ba ni kwas, kowa ya huta. Har na gamsar da kaina cewa taimakonsa nake yi.

Awa uku na bari. Na fita na yi alwala na yi azahar a gindin bishiyar da muke salla, ban san abin da na karanta ba. Da na dawo na ce wa manaja ya bar ni in gwada. Ban buga kalmar nan take ba, don kada a gane abin ba komai ba ne. Na shiga ɗaki mai sanyi na tattaɓa wayoyi, na durƙusa a bayan akwatin, na fito na zauna na yi kamar ina tunani. Sannan na buga haruffa biyar ɗin. Gilashin ya yi duhu, ya dawo. Na kira jerin sunayen, ga su nan, ko ɗaya bai ɓace ba. Manaja ya rungume ni. Fomani ya ɗaga ni sama. Wanda ya fi kowa murna shi ne Baba Yakubu, ya riƙe hannuna da hannu biyu yana cewa Allah ya yi maka albarka, ka fitar da ni kunya.

Ba a mayar da shi kan tafireta ba. Ashe farashin mai ya fara sauka, an aiko daga sama a rage ma'aikata, manaja yana neman wanda zai fara da shi. Ranar Litinin aka ba Baba Yakubu takardar sallama, an rubuta sakaci da kayan kamfani. Da wannan kalmar a takardarsa babu ofishin da zai ɗauke shi a Trans-Amadi. Ni na ga takardar kafin shi, don ni aka ba in buga.

A nan ne na samu dama ta biyu, kuma ita ta fi damuna har yau. Da na shiga ofishin manaja na ce babu abin da ya lalace, kowa yana iya yin wannan kuskuren, ni ma na yi shi, da wataƙila an kore ni, da wataƙila an bar mu duka. Ban sani ba, don ban gwada ba. Na gaya wa mahaifiyarku gaskiya a ranar, tana tsaye tana tace koko. Ta ajiye rariyar.

"Mutumin da ya ɗauke ku daga barandar masallaci?"

"Don ke na yi, Hadiza. Don abin da ke cikinki."

"Kada ka ɗora mini. Ni na tambaye ka inda zan haihu, ban ce ka yi wannan ba. Ka je ka faɗa."

"In na faɗa mu biyu za a kora."

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu, amma shekara goma sha ɗaya da muka yi a kwatas ban taɓa jin ta ce gidanmu ba, sai dai gidan kamfani.

Alhaji bai san komai ba. Ya sa babbar riga ya shiga wurin Baba Yakubu yi masa jaje, ya dawo yana sa mini albarka, wai Malam Yakubu ya ce in ba don Sule ba da yanzu yana hannun 'yan sanda. Inna ta dafa tuwo da miyar kuka ta kai musu. Ranar da muka kwashe kaya zuwa kwatas, Baba Yakubu ne ya ɗauki ƙafar gadonmu ya sa a mota. Bayan wata uku haya ta gagare shi, ya tattara iyalinsa ya koma Anacha wurin wani surukinsa mai sayar da doya a kasuwar Head Bridge da ke bakin gada. A kwatas aka haifi Bilkisu, ƙirjinta lafiya lau. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin hakan, kuma ina jin daɗinsa har gobe. Wannan ne ya sa abin ya yi wuyar furtawa.

Sau ɗaya na je da niyyar gaya masa. Bayan shekara shida ne, na sayi mota za ni Kano, na tsaya a Head Bridge. Na same shi a kan benci a gaban tulin doya, yana gadin kaya yana korar awaki da sanda. Ya rame, gashinsa ya yi fari, amma rigarsa a goge take kamar zai tafi ofis. Da ya gan ni ya miƙe da sauri har sandar ta faɗi. Ya zagaya da ni rumfa rumfa, wurin 'yan albasa da 'yan tattasai, yana nuna ni.

"Ga ɗana da nake ba ku labari. Injin da na ɓata, wanda Bature ya kasa, shi ya tayar da shi."

Da muka zauna na ce, Baba, akwai maganar da nake so mu yi a kan ranar nan. Ya ɗaga hannu.

"Bar ta, Sule. Na daɗe da sanin laifina. Mutum ya san iyakarsa. Kai dai ka riƙe aikinka da kyau, ka ji?"

Ya zaɓo manyan doya guda biyar ya sa a bayan motata, ya hana ni ko taɓa aljihu. Na haye gadar ina kuka, har wani direban tirela ya yi mini hon don na rage gudu a tsakiya. Bayan shekara biyu aka aiko cewa ya rasu. Na je jana'izar a ƙauyensu, aka ba ni kujera a layin 'ya'ya.

Sai bara na iya buɗe baki. Na hau mota zuwa Inugu wurin Gwaggonku Rifkatu, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, Mama Saratu tana wurinta. Muka zauna a baranda na gaya mata komai, tun daga ranar da Ba'indiyen ya koya mini har zuwa awa ukun. Ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta juyo ta ce:

"Yaya Sule, ka san Baba bai ƙara taɓa wani abu mai madanni ba? Na saya masa rediyo da albashina na farko. In yana son labarai sai ya kira ni ko Mama mu kunna masa. Ya ce hannunsa yana ɓata abu."

Na ce ta yafe mini.

"Ba ni ka yi wa ba. Wanda ka yi wa ya tafi." Ta share fuskarta da gefen zani. "Abu ɗaya zan roƙe ka. Mama kada ta ji. Ta kusa, ka bar ta da abin da ta sani. Tashi ka shiga ka gaishe ta, tun ɗazu take tambaya ko muryarka ce."

Na shiga. Tsohuwar tana kwance, idonta ya rufe gaba ɗaya. Na durƙusa a gefen gadon na gaishe ta. Ta laluba ta kama kaina da hannu biyu, ta tambayi Bilkisu da Aminu da kowannenku da sunansa. Sannan ta fara addu'a. Ta ce Allah ya saka mini da abin da na yi wa mijinta, ya ninka mini, ya mayar wa 'ya'yana da jikokina irinsa. Rifkatu tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona. Mama Saratu ta yi shiru tana jira, hannunta a kaina.

Na ce amin.